Azumin Ban-ruwa a Sevran

Kwana biyar ke nan zafi ya sauka a Lyon bai ɗaga ba. Tun hantsi muke rufe tagogi, mu jiƙa zannuwa mu rataya, amma duk da haka bangon ɗaki yana fitar da hucinsa har bayan la'asar. Jiya da safe, ina kan hanyar zuwa wurin aiki, na tarar da motar tanki ta tsaya a bakin titinmu, wani mutum riƙe da tiyo yana shayar da ƙananan itatuwan da aka dasa bara. Ƙamshin busasshiyar ƙasa da ta sha ruwa ya buge ni. Na tsaya ina kallonsa har motar da nake jira ta zo ta wuce. Bai yi wa itacen gurbi ba, ruwan sai malala yake a kan kwalta, ni kuwa hannuna har ƙaiƙayi yake in karɓi tiyon in nuna masa. Na san aikin nan. Na yi shi wata uku a shekarar 2013, lokacin da azumi ya faɗo a tsakiyar zafin Yuli, kuma har yau ban sami aikin da na yi murnar samu kamarsa ba.

A waccan shekarar na kammala digiri na biyu a fannin nazarin harsuna. Ni da matata Rakiya muna zaune a ɗaki biyu a hawa na huɗu, tare da 'yarmu ta fari, Balkisa, mai shekara huɗu. Yau ina rubuta sunanta kai tsaye. A lokacin kuwa ko a gaban mahaifiyarta "yarinyar nan" nake cewa, domin haka na tashi na ga ana yi wa ɗan fari a gidanmu a Damagaram: ba a kiran sunansa, ba a nuna damuwa da shi a gaban manya.

Malamar makarantarsu ce ta fara lura cewa idan tana zane takan karkatar da kai ta lumshe idon hagu. Likitan ido ya duba ta, ya yi mana bayanin da ba ya buƙatar maimaici. Idon hagu ya fara barin aiki. Sai an yi mata tabarau na musamman, a riƙa rufe lafiyayyen idon na wasu sa'o'i kullum, a kuma riƙa kawo ta ana dubawa. Idan aka fara yanzu, idon zai farfaɗo. Idan aka bari ta girma, ƙwaƙwalwa za ta saba da rashinsa, kuma babu tabaraun da zai dawo da shi. Ya ba mu rana a ƙarshen Agusta, ya ce mu zo da tabaraun a fuskarta.

A Faransa inshorar gwamnati tana ɗaukar kaso mai yawa na jinya, amma idan aka zo kan tabarau da haƙori, abin da take bayarwa a lokacin ɗan kaɗan ne. Sauran sai mutum yana da inshora ta biyu, wadda mutanenmu a nan ke kira mituwel. Taimakon da ake bai wa marasa ƙarfi ya tsallake mu, saboda tallafin karatun da na karɓa a shekarar da ta gabata ya ɗan zarce iyakar da aka gindaya, alhali tallafin kansa ya riga ya ƙare. Takardar zamana kuma aikin rabin lokaci kaɗai ta yarje mini. Yanzu doka ta tilasta wa kowane mai kamfani ya yi wa ma'aikatansa wannan inshora. A wancan lokaci ganin dama ne, kuma masu ganin damar ba su cika tunawa da ɗan rabin lokaci ba.

Saboda haka na shiga nema, kuma ba zan ɓoye ba, na shiga da zumuɗi. A ganina wannan ma wani bincike ne, ni kuwa na iya bincike. Na sayi sabon littafi, na ja layuka, na jera sunayen wurare. Damina ta ƙi ƙarewa a shekarar. Har farkon Yuni ana tsuga ruwa mai sanyi, takalmana ba su bushe ba mako uku. Na shiga gidajen burodi, na shiga otal-otal, na shiga shagunan littattafai da wani kamfanin share ofisoshi. Ko'ina tambayata ɗaya ce, kuma kafin in tambayi albashi nake yin ta. Wani mai gidan burodi ya ajiye farantin da ke hannunsa ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Ba ka da lafiya ne?" ya tambaye ni da Faransanci.

Na ce lafiyata ƙalau.

"To, awa goma sha biyar a mako, kuma kana neman mituwel? Ni kaina da nake da gidan, matata ce ta sa ni a nata."

Na yi godiya, na fito, na soke sunansa a littafi. Sunaye ashirin da wani abu na soke a haka.

Wata ranar Lahadi da hantsi na ci karo da tallar wani kamfanin kula da itatuwa da lambuna a arewacin Paris. Suna neman masu ban-ruwa na wata uku, daga Yuli zuwa Satumba, safiya biyar a mako. A layin ƙarshe aka rubuta: inshorar lafiya ga ma'aikaci da iyalinsa, tun daga watan farko. Sau uku na karanta layin, sannan na ƙwala wa Rakiya kira. Ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta leƙa allon kwamfuta, ta saki ludayin.

"Sani! Ai nan Kawu Isuhu yake aiki!"

Malam Isuhu yayan mahaifiyarta ne, mutumin Maradi, ya haura shekara ashirin a Sevran, can arewacin Paris. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, ranar ɗaurin aurenmu, kuma ko a ranar ban ga fiye da takalmansa ba, domin ban ɗaga kai ba. Rakiya ta buga waya, ta gaisa da shi, ta miƙo mini. Na samu kaina a durƙushe a tsakiyar ɗaki, wayar a kunne. Muka gaisa, ya tambayi iyayena da sanyi da karatu, na tambayi Hajiya da gajiya da aiki. Da na faɗi abin da ke tafe da ni sai ya yi dariya.

"Kai da digiri biyu za ka riƙe tiyo? To taho. Ni ne shugaban ayarin ban-ruwa, wanda na kawo shi aka ɗauka."

Bai tambayi dalilin da ya sa na zaɓi kamfaninsu ba, ni ma ban faɗa ba. Ta yaya zan buɗe baki a gaban surukina in yi zancen 'yar fari? Rakiya ma ba ta faɗa ba, ita da kunyar ta fi ta kowa nauyi a kanta. A ranar mun yi ta tsalle a ɗaki kamar yara, yarinyar tana taya mu ba tare da ta san dalili ba.

Na sauka Paris a ƙarshen Yuni, na hau jirgin layin B zuwa Sevran. Gidan Malam yana cikin dogayen benayen Beaudottes. Matarsa, Hajiya Zuwera, ta gyara mini ɗakin ɗansu da ya tafi hutu gida. Washegari Malam ya kai ni ofishin kamfanin, wani ɗakin katako a gefen filin da ake ajiye motoci, inda wata Baturiya mai furfura ke zaune a gaban fanka. Ta miƙo mini takardu kusan shafi goma. Ni mutum ne mai karanta ko da takardar da aka naɗo magani a ciki, kuma tun a jirgi na yi wa kaina alkawarin bin kowane layi. Amma ina jawo shafin farko, sai ga yatsan Malam ya sauka a kansa.

"Nan za ka sa hannu. Juya. Nan kuma. Wanga ƙaramin akwati ka yi mishi kurus, ɗan gicciye haka, duk yaranmu haka nake nuna musu. Sa hannu ƙasa. Madalla."

Yana tsaye a kaina, numfashinsa a kafaɗata. In tsaya karatu a wannan hali daidai yake da in ce masa ban yarda da shi ba, a gaban baƙuwa, ranar farko. Duk inda yatsansa ya sauka, alƙalamina ya bi. Cikin minti uku muka gama. Na fito ina jin kamar in rungumi motocin tankin ɗaya bayan ɗaya. Na kira Rakiya na ce mata ta fara duba akwatin wasiƙu, katin inshora yana tafe.

Mu uku ne a ayarin: Malam a kan sitiyari, ni, da Lawali, wani Ba'adare mai kimanin shekara talatin da biyar wanda ke zuwa aikin duk shekara, kuma bakinsa ba ya hutawa. Tun ranar farko ya laƙaba mini Farfesa. Ƙarfe shida muke cika tanki, mu ɗauki jerin titunan ranar, mu fita. Kowane ƙaramin itace yana tsaye tsakanin turaku biyu. Sai ka sa fartanya ka zagaye gindinsa da gurbi, ka kwantar da bakin tiyo, ka buɗe ruwa a hankali. Ka jira ya tsotse, ka ƙara, ka sake jira, sannan ka rufa masa ɓawon itace don kada rana ta shanye. Malam ba ya yarda a watsa ruwa a wuce. Yakan sauko ya tura yatsa cikin ƙasa, in bai ji laima har gaɓa ta biyu ba a sake.

Na ɗauka na manta da fartanya, ashe hannu bai manta ba. A lambun mahaifina na tashi, kuma a rana ta uku Malam ya tsaya ya dubi gurbin da na yi, ya gyaɗa kai ya koma mota. Lawali ya ce, "Farfesa, shekara shida nake jiran wagga gyaɗa kai ban samu ba. Gobe ni ma zan shiga lakwal in yi boko."

Kwana goma da fara aiki aka ga wata, kuma kamar zafin jira yake. Sanyin da ya addabe mu tun watan Maris ya ɓace rana ɗaya. Kafin ƙarfe tara kwalta ta fara wari, ƙarfen mota ba ya taɓuwa, ciyawar bakin titi ta koma launin kara. Yinin kuwa ya kusa awa goma sha takwas. Ban san ko akwai jarrabawar da ta kai ta mai azumi da tiyo a hannu ba. Ruwan yana fita da sanyinsa, yana ƙara a cikin gurbi, ƙasa tana sha da wani sauti kamar na maƙogwaro, kai kuwa harshenka ya manne a ganɗa. Feshin yana sauka a damatsanka, ka rufe baki gam. Lawali yakan jiƙa hularsa ya kifa a ka, ya durƙusa a gaban itacen ya ce, "Sha, ranka ya daɗe, sha. Kai ba a wajabta maka ba."

Akwai wata tsohuwar Baturiya a wani titi mai shiru wadda duk ranar da muka zo sai ta fito da gorar ruwa mai raɓa a jiki. Ranar farko na fara yi mata bayani mai tsawo, Lawali ya taka mini ƙafa, ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya har da dafa ƙirji. Ya ajiye gorar a ƙarƙashin kujera. Da ita muke buɗe baki.

Ƙarfe goma sha ɗaya muke tashi. In koma gida in yi wanka, in kwanta a kan tayil saboda ya fi katifa sanyi, in tashi in rubuta takardun neman babban aiki. Daga la'asar lokaci yakan tsaya. Ƙarfe takwas rana tana nan, ƙarfe tara tana nan a saman benaye, jajur, ba ta da niyyar tafiya, yara na ta buga ƙwallo a fili. Hajiya tana kicin, ƙamshin ƙosai da kunun tsamiya yana bin kowane lungu na gidan. Idan lokaci ya yi, takan ajiye wa Malam nasa a falo, ni kuma ta kai mini nawa baranda, domin tun ranar farko ta gane ba zan iya haɗiyar loma a gabansa ba. Malam yakan ɗaga murya daga ciki: "Malam Sani, nan Faransa ce, shigo mu ci!" In ce, "Na gode, Baba, nan ma ya yi." Ya yi dariya, kuma na san amsar ta yi masa daɗi.

Ranar Asabar nake raka Hajiya cefane a unguwar Goutte d'Or ta Paris in riƙe mata jaka. Garin gero, tsamiya, kuka, busasshiyar kuɓewa, dabino. Titunan cike da masu azumi, kowa leɓe a bushe, kowa yana ciniki da ƙarfi. A kowane shago sai ta gabatar da ni: "Mijin Rakiya ne, malami ne babba, yana taya Malam aiki." Ni kuwa ina tsaye da buhu a kafaɗa, raina fes, domin a lissafina kowace safiya ta ban-ruwa tana matso da tabaraun nan kusa da fuskar yarinyar.

Kullum bayan azahar nake kiran Lyon. Rakiya ta riga ta kai ta shagon tabarau, an gwada mata, ta zaɓi mai jan firam ta ƙi cirewa sai da aka lallashe ta. Mai shagon ya ce haɗa gilashin zai ci kwana goma, kuma ba zai aika a fara ba sai ya ga kati. "Ya zo?" nake tambaya. "Bai zo ba, sai tallar kanti." Mako na farko muka yi dariya. Na biyu muka ce aikin ofis ne. A na huɗu muryarta ta sauya.

Ranar Litinin ta ƙarshen Yuli, bayan an tashi, na ce wa Malam na manta hulata, na koma ɗakin katakon na tambayi labarin katin. Baturiyar ta jawo fayil ɗina, ta buɗe shafi na bakwai, ta juyo mini shi.

"Ai ka ce ba ka so. Ga shi."

Ga ƙaramin akwatin, ga kurus ɗina a ciki, ga sa hannuna a ƙasa, tsaf, da irin rubutun da nake alfahari da shi. A gefen akwatin an rubuta cewa ni ma'aikacin ɗan lokaci ne, an yi mini tayin inshorar kamfani, kuma na zaɓi a cire ni.

"Na yi mamaki," in ji ta, "amma duk mutanen ayarinku haka suke yi. Ana iya gyarawa. Ka cika wannan, shugaban ayarinka ya sa hannu, ka dawo da ita kafin Laraba da tsakar rana. Idan ta shiga, za ta fara aiki ɗaya ga Agusta. Idan ta wuce, sai Satumba."

Satumba na nufin ranar likita ta wuce, kuma a wurinsa ba a samun wata sai bayan watanni. Na ninke takardar na sa a aljihun gaba.

Sa hannun Malam. Wato in tsaya a gaban surukina in ce masa abin da ya nuna mini kuskure ne, sannan in faɗi dalili. Ranar Litinin ɗin na kasa. Ranar Talata na shirya jimlolin tun a wurin cika tanki, na gyara su, na sake gyarawa, har na zaɓi itacen da zan fara magana a gindinsa. Muka zo itacen, Malam ya sauko ya tura yatsa a ƙasa, na buɗe baki na ce, "Baba, ƙasar nan ta fi ta jiya tauri." Ya ce haka ne. Takardar ta jiƙe da gumi a aljihuna.

Ranar Laraba gari ya waye da nauyi, babu iska ko kaɗan. Wajen ƙarfe goma sama ta yi baƙi daga yamma, aka yi wata tsawa da ta sa ƙararrawar motocin titi suka ɗauka gaba ɗaya, sai ruwa ya ɓarke. Muka watsar da tiyo muka faɗa gaban mota mu uku, ni a tsakiya. Ruwan yana dukan rufi, tururi yana tashi daga kwalta, ƙamshin ƙasa ya cika motar. Lawali ya leƙa ta taga ya ce, "Yau Mai aikin da kansa ya karɓa, mu sai hutu." Malam yana murmushi, yana kallon gurabenmu suna cika. Agogon mota ya nuna goma da rabi.

Na zaro takardar. Ban dube shi ba, gilashin gaba na duba.

"Baba, ina neman gafara. Akwai akwatin da na yi wa kurus ranar farko. Na mituwel ne. Ina so a mayar da ni ciki."

"Mi za ka yi da shi?" in ji Malam. "Wata uku ne aikin. Su yanke maka daga albashin da ba ya da yawa, don ciwon da bai zo ba? Ni lokacin da suka kawo abin na ce a bar ni. Yaranmu gida suke aikawa, shi ya sa nake tsare musu. Ko wani abu na damunka?"

"Ni lafiyata lau, Baba."

"To wa? Rakiya?"

"Ita ma lafiya lau."

Ruwa ya ci gaba da duka.

"Yarinyar gidan ce," na ce. "Idonta ɗaya. Likita ya ce in ba a yi mata tabarau yanzu ba, zai mutu. Saboda shi na zo aikin nan."

Malam ya juyo gaba ɗaya a kan kujerarsa.

"Balkisa? Amaryata?" Haka yake kiranta, irin wasan kaka da jika. "Tun yaushe?"

"Tun watan Mayu."

"Tun Mayu! Wata guda kana kwana gidana, kana cin ƙosan Hajiya a baranda, amaryata na rasa ido, ba ka buɗe baki ba? Ita ma Rakiya, da na goya ta a bayan kekena? To kunya ta hana ka kiran sunanta, ba sai ka ce mini kada in taɓa akwatin ba? Shekara nawa nake nuna wa yara wurin nan, ba wanda ya taɓa ce mini a'a!"

Lawali ya yi gyaran murya. "Malam, Allah ya ba ka haƙuri, wa zai ce maka a'a kana tsaye kansa? Ni haƙorin nan na dama, shekara uku ke nan da hagu nake tauna."

Malam ya dube shi, ya dube ni. Ya kunna mota.

Ban taɓa sanin motar tanki tana iya irin wannan gudu ba. Rabin ruwan da ya rage a bayanmu yana tangal-tangal, a kowace kwana sai ya tura mu gefe, tiyon da Lawali ya naɗe a gurguje yana dukan ƙarfe. Lawali ya riƙe ƙofa yana salati yana dariya: "Malam, a hankali, ba mu da mituwel!" Ni ma dariyar ta kuɓuce mini, a gaban surukina, har da hawaye, na kasa tsayar da ita.

Sha ɗaya da kwata muka shiga ɗakin katakon, ruwa na ɗiga daga jikinmu a kan dabensa. Takardata ta riga ta zama dusa, Baturiyar ta ba da sabuwa. Malam ya ɗaga yatsu biyu, ya nuna Lawali, ta ƙaro ɗaya. Na jawo alƙalami, sai ya dafe shafin da tafin hannunsa.

"Tsaya. Karanta tukuna. Da ƙarfi, kuma da Hausa, in ji abin da ke ciki."

Na karanta masa daga layin farko har na ƙarshe, ina juya kowace jimla, shi yana tsaye ya sunkuyar da kai kamar mai sauraren huɗuba. Sau biyu ya tsayar da ni ya ce in maimaita. Baturiyar tana kallon agogo tana kallonmu. Da na zo gurbin sunayen iyali, na rubuta na Rakiya, na rubuta na biyun ban furta ba. Malam ya ce, "Ban ji ba." Na ce, "Balkisa Sani." Ya ce, "Yawwa," ya karɓi alƙalami ya sa hannu. Saura minti goma sha biyu tsakar rana.

Kwana huɗu bayan Sallah katin ya isa Lyon. Rakiya ta kira ni muna tsakiyar aiki, ban fahimci ko kalma ɗaya daga abin da take faɗa ba saboda guɗa, na ɗaga tiyo sama na jiƙa Lawali daga kai har ƙafa. A Asabar ta huɗu ta watan Agusta na hau jirgin safe zuwa Lyon, da ƙullin kilishi da Malam ya ce a kai wa amaryarsa. Daga tasha kai tsaye na wuce shagon tabarau, inda suke jirana.

Mai shagon ya ɗora ta a doguwar kujera, ya saƙala mata jan tabaraun, ya gyara bayan kunnuwa, ya ja da baya. Ta ƙifta ido. Ta dubi hannunta, ta juya shi. Ta dubi zanen mahaifiyarta ta daɗe tana bin furannin da yatsa. Na durƙusa a gabanta don in ga ko ya zauna daidai a kan hanci. Ina da siririn bille a kumatun hagu, wanda wanzami ya yi mini ina ɗan kwana bakwai, kuma shekara huɗu ke nan ina ɗaukar ta fuskarta a jikin tawa. Ta tsura mini ido, ta miƙo yatsa ta ɗora a kansa, ta bi shi daga gefen hanci har ƙasa.

"Baba," ta ce, "wa ya karce ka?"